Mai Tsintar Ƙusa

Ƙarfe huɗu da rabi,
kafin ladanin Aboabo ya gyara murya,
na riga na wuce ƙofar ma'aikata,
riga mai ƙyalli a kafaɗa, tocila a hannu,
rediyo a ƙugu yana tari kamar tsohon da ya kwana a waje.

Titin jirgi na kwance cikin raɓa,
baƙi, dogo, miƙe kamar zaren magini.
Fararen fitilu dama da hagu,
koraye a bakin shiga,
jajaye can ƙarshe, inda kwalta ke cewa iyakata ke nan.
Ni ke ƙirga su.
Jiya ɗaya ta mutu,
na kira Opoku mai lantarki,
ya zo yana zagin ruwan saman Kumasi da yare biyu.

Aikina tsintuwa.
Ƙusa, murfin kwalba, guntun waya,
tsakuwar da ta ɓalle, fiffiken jemage.
Wata rana kunkuru,
ya ɓullo ta ƙarƙashin shinge,
yana takawa a kan farin layi
sai ka ce shi ya biya kuɗin kwangila.
Na mai da shi ciyawa, na rubuta a littafi:
an yi baƙo, an sallame shi lafiya.

'Yata Zaliya ta ce, Baba,
shekara goma sha tara a filin jirgi, ka taɓa hawa?
Na ce tukuna.
Ta yi dariya har kokonta ya zube.
Ban gaya mata ba,
ƙusa guda in inji ya haɗiye ta
mutum saba'in na iya zama labari.

A rumfar 'yan kwana-kwana
Agyei da Mumuni na wanke motar da ba ta yi datti ba.
Cikinta ruwa da kumfa, hancinta na kallon titi,
takalma a jere, wanduna a naɗe a kansu.
Minti uku aka ba su,
ko suna tsakiyar loma.
Mumuni ya yi furfura yana jiran wutar
da kullum yake roƙon Allah kada ta zo.

Shirwa da balbela, su ne abokan rigimata.
Da an yanke ciyawa sai su sauko cin fara.
In harba bindigar da ba ta da komai sai ƙara,
su tashi, su zaga bayan hasumiya,
su dawo.
Wani mahauci na zubar da tumbi bayan katanga,
har gida na bi shi, na durƙusa,
na ce, Sarkin Fawa, ungulu ba ta san lokacin sauka ba.
Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa.
Ya daina na wata biyu.

Tsohuwata ta ce kakana jagaba ne,
da jakai ya shigo ƙasar nan neman goro.
Shi ke riga ayari fita,
ya duba mashigi, ya karanta sawu,
ya dawo ya ce wa madugu, a ɗaura kaya.
Ko huhu ɗaya bai mallaka ba.
Na kan tuna shi in na kai ƙarshen titi
gwiwa ta fara magana.

Gari ya soma fari.
Jakar iska ta ɗago, ta nuna kudu, ta sake langaɓewa.
Muryar Serwaa daga hasumiya: titi fa?
Na ce tas.
Ta ce to, fita mini.

Na koma gefe, bayan layin rawaya.
Ga jirgin safe daga bakin teku,
ɗigon haske da fari, sai ƙara,
sai tayoyi suka taɓa ƙasa da ɗan hayaƙi.
Wata yarinya a taga tana ɗaga hannu,
wataƙila ga ni, wataƙila ga balbela.

A aljihuna akwai wani ɗan noti,
ban san daga jikin me ya faɗo ba.
Zan kai ofis a rubuta.
Sannan ramin nan na shinge,
tun Laraba nake faɗa.