Ɗakin Kati

Shekara ashirin da bakwai na yi a ɗakin kati,
a asibitin nan na bayan layin dogo, a Agege.
Ɗaki ba taga, sai fanka mai kukan tsohuwar akuya,
da kantoci har rufi, maƙare da ciwon mutane.
Da hanci nake gane su:
fayil ɗin bara yana ƙanshin tawada,
na shekara goma yana warin rumbu bayan damina.

Ba zan yi wa takarda kara don ta mutu ba.
Ta sha cin amanarmu.
Ranar da ruwan Yuni ya tsallake kwata ya shigo,
na ga tarihin mutum ɗari uku ya zama kunu.
Ɓera ya cinye rukunin jinin wata mai ciki,
ya bar mana sunanta.
Ga kuma Baba Lamidi, mai gyaran agogo a Oshodi.
Na nemi fayil ɗinsa tun hantsi har la'asar,
yana kan benci, dafe da ƙirji,
shi ke ba ni haƙuri.
Ranar Laraba na gano fayil ɗin.
Talata aka binne shi.

Sai ga yara da kwalaye, da kati rataye a wuya,
suka ja waya ta cikin silin kamar yaɗon kabewa.
Kuɗin da aka zuba, in ji akanta,
ya isa gado arba'in da sabon rufin ɗakin haihuwa.

Yanzu Morenike ce a kujerar,
yatsunta na tsintar baƙaƙe kamar kaza a kan tsaki.
Faɗi lambarka. Kafin ka haɗiye yawu
ga ka tsirara a gilashi:
hawan jini, sikari, allurar da jikinka ya ƙi.
A gabana aka kawo jikan Tasalla mai tuwo a Alaba Rago.
Likita ya danna magani, allon ya yi ja,
ya ce a'a, wannan ya taɓa kumbura shi.
Takardata, Allah ya sani,
ba ta taɓa buɗe baki ta ce a'a ba.

Jiya na koma, gwiwa ce ta kai ni.
Aka ce sabis ya ɗauke.
Mu saba'in a benci, har da mai naƙuda.
Janareta na jiran dizal,
dizal na jiran sa hannu,
mai sa hannu yana cikin cunkoso a kan doguwar gada.
Ga magani muna gani a bayan gilashi,
ba mai miƙo ko ƙwaya,
don na'ura ba ta ga kuɗinmu ba.

Da sabis ya dawo aka nemi Tanimu Barau, babu shi.
Wani mai sauri ya shigar da ni Tanimo Barawo.
Ni da ban taɓa fita da ko ƙusar fayil ba!
Gyaran, wai sai an turo mutum daga Ikeja.

Likitan yaro ne mai ladabi.
Minti shida ya ba ni, na ƙirga,
biyar da rabi idonsa na kan allo.
Ya san gishirin da ke jinina.
Bai ga takalmana wari da wari ba,
bai ga yadda riga ta yi mini yawa
tun da Ladidi ta rasu.

Da zan fita na leƙa tsohon ɗakina.
An kwashe kantocin.
Baƙin akwati ɗaya ne a tsakiya,
yana ƙyafta koren ido,
an kafa masa na'urar sanyi har biyu.
Ni da na tsufa ina roƙon sabuwar fanka.

Na tsaya a bakin ƙofa, sanyi na lasar ƙafata.
Na ce masa: to, magaji, riƙe su da kyau.
In wani Baba Lamidi ya zo,
kar ka sa shi jira.