Sabon Shiga

Ranar Asabar, bayan la'asar,
na wanke ta sau biyu,
na goge ta da tsohuwar shaddata,
na nufi bayan Ƙofar Ƙaura da ita
a hankali, kamar mai tallan ƙwai.

Shekara shida ina tara ta a rumfa,
waya bayan waya,
fasasshen gilashi, cajin da ya ƙi shiga.
Ta haye teku, ta yi wata uku a hannun kwastan,
ta iso mini baƙa wuluk, 'yar Jamus,
silinda shida, cikinta dab da ƙasa.

Su goma sha ɗaya na tarar a gindin bedi,
an jera hancin motoci waje guda.
Na yi sallama, aka amsa.
Ba wanda ya dubi fenti.
Ba wanda ya ce nawa ka saya.
Wani siriri, Mannir, yana shan rake, ya ce,
"Buɗe mata baki mu gani."

Na lalubi mariƙin bonet.
Na ja wani abu, but ya buɗe a baya.
Na danna wani, a zatona na sanyi ne,
kujera ta hau gasa ni
a Katsina, a tsakiyar bazara!
Na diro ina fifita wando.
Sagir har da riƙe taya don dariya.
"An ƙera ta ne," in ji shi,
"don ƙasar da ruwa ke kwana ya tashi dutse."

A ƙarƙashin kujerar muka tsinci safar hannu,
ja, 'yar mitsitsiya, ta yaro, wari ɗaya.
Aka yi shiru kaɗan.
Kowacce, ashe, da abin tsohon gida take zuwa:
wani kwabo ya samu mai hoton sarauniya,
wani gashin kare har yau bai gama sharewa ba.

Sannan Baba Lurwanu ya tashi daga benci.
Bai ce komai ba. Ya ɗora sukudireba a kan inji,
ya manna kunne a ƙotarta,
ya lumshe ido kamar mai karɓar hadda.
"Filogi na huɗu ƙarya yake yi.
Baƙin man nan kuwa, wa ya cuce ka?
Na janareta ne."
Ya goge hannu. "Ɗan wa ne kai?"

Na ce, ɗan Badamasi mai faci, na Ƙofar Guga.

Ya daɗe yana dubana.
"Wanda ke gane iskar taya da ɗan yatsa?
Shekara talatin yana durƙusa wa motocin mutane,
ban taɓa ganin shi a bayan sitiyari ba.
Allah ya jiƙan shi."
Na ce amin. Na sunkuya ina duban filogin
da ban san ko wanne ne ba.

Dokokinsu ba yawa.
Ba a taka totur a cikin gari.
Ba a kukan salansa kusa da asibiti.
Dubu biyar duk wata, adashen kayan gyara,
don ranar da taka za ta kwanta,
kuma za ta kwanta.

Bayan magariba muka hau titin zobe,
ni ne na ƙarshe a layi.
Da hanya ta miƙe na ɗan taɓa ta,
ta yi gurnani, ta manna bayana da kujera,
allurar mai na sauka ina kallo,
ina lissafin waya nawa ke nan.

Sai ga tudun rage gudu.
Kowa ya karkace, ya haye shi a kaikaice,
taya ɗaya, sannan ɗaya.
Ni ban sani ba. Na shige shi kai tsaye.
Ƙarrr!

Fitilun birki goma sha ɗaya suka kama a tare.
Ƙofofi suka buɗe.
Mannir ya riga ni kwanciya a kan kwalta
da farar rigarsa, yana haska waya a cikinta,
yana cewa, "Wash! Sannu. Sannu, yarinya."