Rabin Fuska

A Bagalam, bayan rumfar masu tuyar awara,
akwai bangon da Nomau ya shekara talatin yana jefa wa haske.
Yau buhunan gyaɗa ne jibge a gindinsa,
amma in ya zo wucewa da sandarsa sai ya ja birki,
ya ɗaga kai kamar mai duban jinjirin wata,
ya ce: Tsahara, a nan na yi karatun inuwa.

Ni 'yar ɗaukar biki ce, kyamarar ma ta haya,
na saba haska amarya har gumin hancinta.
Shi finafinan maƙarƙashiyar mulki yake nufi, na da,
waɗanda ba a harbi sai can dab da tashi.
Ya ce: Yara na jiran bindiga, ni ina kallon fitila.
Dubi inda suka aje ta, gefe guda, ƙasa-ƙasa,
kunci ɗaya a sarari, ɗaya a cikin rijiya.
Minista bai buɗe baki ba tukuna,
mai kyamara ya riga ya tona shi ga kowa.

In suna son ki ji tsoron mutum, sai su durƙusa,
ya miƙe kamar giginya, haɓarsa ta tokare rufi.
In tausayinsa suke nema, sai su hau bene,
su bar shi can ƙasa,
ƙwayar gero ɗaya a tsakar faifai,
fili ya yi masa yawa, ba lungu, ba ganuwa.

Akwai kuma idon nesa, mai matse titi.
Ɗan jarida na tafe, yana tafe, bai matso ba,
reshe ya gitta, kafaɗar wani ta gitta,
sai ki farga ba ke kaɗai ke kallonsa ba.
Bencin da kike zaune ya koma na ɗan leƙen asiri,
gyaɗar bakinki ta gagari taunawa.

Tarho a gaba, baƙi, ƙato.
Mai gidan a baya, dushi-dushi.
Wa ke da iko a ɗakin nan?
An ba ki amsa tun kafin a kai hannun ɗagawa.

Wata Laraba ya kira ni zaurensa,
ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado.
Guntayen zaren fim, kamar ɓawon albasa.
Na ɗaga ɗaya ga rana:
hannu na miƙa ambulan, hannu na karɓa, babu fuska.
Wani: ƙofa a buɗe, tsinin takalmi a bayan labule.
Ya ce: Akwai mai tabarau da kan zauna layin baya,
ba ya tafi, ba ya dariya, ba ya sayen tikiti.
In ya yi tari sau biyu, da safe in ɗauki almakashi.
Maradi ta sha kallon labari mai giɓi,
tana cewa injin Nomau ne ke da cutar mantuwa.

Na ce: Baba, bari in ɗauke ka.
Ya ce: Ido ya tafi, amma fata na jin rana,
gaya mani ta ina za ki sa ni.
Na matsa da kujerarsa bakin ƙofa,
la'asar ta kwanta masa a kuncin dama,
na hagu na bar wa zaure.
Ban durƙusa ba, ban hau komai ba,
na tsaya daidai tsayin idonsa.

Ya shafa gefen da ya ɗumama,
ya shafa gefen da bai ɗumama ba,
ya daɗe.
Can waje wani mai amalanke na neman hanya.
Ya ce: Kin iya. Kar ki gyara.
Danna, tun rana ba ta kai ga faɗuwa.