Rabon Ruwa a Cikadu

Gida talatin ne garinmu, in ka haɗa da masallaci,
a maƙale jikin dutse kamar sheƙa.
Gonakin shinkafa sun sauko hawa-hawa,
kowace ta sha ta rage wa ƙanwarta.
Gajimare a ƙofarmu yake kwana,
sai an buga gangar asuba
ya naɗe tabarmarsa ya hau.

Kakana, Aki Emod, shi ke rabon ruwa.
Ba takarda, ba agogo,
sai guntun gora mai tsaga uku
da ƙafar da ta haddace kowace kunya cikin duhu.
Ran da gwiwa ta ƙi masa, ni ya miƙa wa goran.
"Iceu," ya ce, "ruwa ba ya son kai,
masu jiransa ne ke da shi."

Bana sama ta yi shiru kwana ashirin.
Gonar Ma Onih, ta can ƙarshen gangare,
ta tsage kamar faso.
Ta tsaya bakin tafkin kifinta, hannu a ƙugu:
"Na sama ke toshewa da dare!"
Ba ta kira suna ba,
amma mutum ɗaya ne a sama.

Mang Enjang na kan itacen sukarinsa,
babban yatsa cikin ramin tsanin gora,
ya ji duka.
Ya sauko, ya dafa ruwan har ya yi ja,
ya zuba a ƙoƙon kwakwa,
bai aika mata ko curi ɗaya ba.
Gaisuwa ta mutu tsakanin gida biyu.
Yaransu kan hanyar makaranta
layi biyu suke yi, a kan turba mai faɗin taku ɗaya.

Daren Alhamis na ɗauki fitila na bi ruwan,
ina hawa yana sauka.
Kwaɗi sun yi tsit da na wuce,
matsattsaku ya kama idon sawuna,
iska na kawo ƙamshin kanumfarin da aka shanya.
A mashigar Enjang dutsen na nan yadda na aje shi,
ko gansakukarsa ba a taɓa ba.
Na ƙara gaba. Na ji wani sululu,
ƙarami, kamar mai shan shayi a ɓoye.
Rami ne, faɗin wuyan hannuna,
ruwan gari na zurarewa kwazazzabo.
Na zura hannu har gwiwa.
Aka cije ni.

Ƙaguwa ce, taɓo a gadon baya,
ta ɗaga hannu biyu tana neman ba'asi.
Na yi dariya ni kaɗai a kan dutse,
sai dariyar ta ba ni tsoro.

Da safe na juye ta a barandar masallaci.
"Ga ɓarauniyar."
Ta yi tafiyarta ta gefe, tsakanin takalman mutane.
Ma Onih ta daɗe tana kallo.
Enjang ya gyara ɗaurin zanensa, ya dubi dutse.

Ba wanda ya ce a yafe.
Sai dai kafin azahar
Enjang ya kwaso yumɓu kwando bakwai,
ɓaunarsa na tsaye tana tuƙa,
Ma Onih kuwa ta hauro da tukunya a goye,
shinkafa da ƙananan kifi,
barkono dakakke, ɗanyen ganye,
ta baje kan ganyen ayaba, ta tura masa ɓangaren ƙanzo.
Da magariba an ga ƙunshin sukari a matakalarta.

Na koma na ba Aki labari,
yana kwance, ruwa na wucewa ƙarƙashin daɓen gora.
Ya saurara, ba ni ba, ruwan.
"Ya kai ƙasa," ya ce. "Ƙaguwar fa?"
Na ce yara sun gasa.
Ya juya fuska bango.
"Tana da 'ya'ya. Gobe ki sake hawa."