Rabin Aski a Bradford

Ran Talata aka sallami kocinmu,
ran Asabar na je aski shagon Barau.
Ruwa na bin gilashi, hita na tari a lungu.

Ya ɗaura min ƙyalle, ya soma ta ƙeya,
sai Tanimu direban bas ya ce,
"A ɗauko mana ɗan Fotugal ɗin nan mai gemu."
Injin aski ya tsaya cak.

"Wanda ya nutsar da kulob biyu?
Tanimu, tulun da ya fashe a rafi
shi za ka aika rijiya?"

Tsoho Hargreaves na jiran layi,
shekara arba'in a kujera guda a filin wasa.
Ya ce a ba mataimaki,
ya san inda ciyawa ke riƙe ruwa.
Barau ya juya mana da Hausa:
da ɗan gari akan ci gari.
Tanimu ya ce, wane gari?
Mu da ke na uku daga ƙasa!

Aka jera kofunan shayi 'yan baya,
almakashi ya tsaya gola,
mataji ya ci kwana ya faɗo ƙasa.
Ni dai ina kallon kaina a madubi,
gefe an nome, gefe sabon daji.

Bakwai ta yi, aikin dare na kira.
Na ja hula har kunne na fita.

Masu kulob ba su san da Barau ba.
Yau kwana tara,
ƙungiya ba koci, ni ba aski.