Kayen Horo

Kwana biyar muka yi a zauren horo na Ali Ɗan Sofo,
fanka na juyi a kanmu kamar mai jin barci,
na dawo da kaye cike da sunayen
abubuwan da na shekara tara ina yi ban san sunansu ba.

Shafin farko: harshen uwa, harshe na biyu.
Na ɗaga kai na dubi Habsu.
Hausa ta sha a nono,
Fulatanci a cinyar kaka,
Larabci ta wanke daga allo,
Faransanci ya zo mata da bulala.
To, Ingilishi na nawa ke nan?
Littafin bai iya ƙirga ya wuce biyu ba.

Sun ce ƙwarewa huɗu ce, kamar ƙafafun jaki:
ji da faɗi, karatu da rubutu.
Namu jakin ɗingishi yake,
rediyon lakwal ta mutu tun bara,
muryata kaɗai ce Ingila
ga yara tamanin da bakwai.

Akwai wanda suka kira katsalandan na harshen uwa.
Tsahiru ne, in zai rufe leɓe ya fasa harafi
sai iska ta sulale masa ta gefe.
Ni ban ga katsalandan ba.
Uwa ce ta rako ɗanta bakin ƙofar baƙi,
ta ƙi sakin hannunsa.

Tuntuɓe daban, kuskure daban:
mai tuntuɓe ya san hanya, ƙafa ce ta ci amanarsa,
mai kuskure hanyar ce ba a nuna masa ba.
Shekara tara ina zuba musu jan bik iri ɗaya.
Allah ya yafe mini.

Sakin baki, da daidaita zance.
Ma'azu na da na farko,
ya tsince shi a tasha wajen direbobin Jibiya,
nahawunsa duk a karye, amma yana sayar da taya da shi.
Balki na da na biyu,
rubutunta ko ɗigo ba ya ɓata,
wata bakwai ban ji muryarta ba.

Lokacin shiru, in ji kayen. Kada a matsa.
Mu 'yan Maradi mun riga su sani:
gyaɗa ba ta nuna 'ya'yanta a sama.

Ran Laraba alli ya ƙare mini a tsakiyar jimla.
Ina laluben aljihu
sai na ji wata siririyar murya daga bencin baya,
da Ingilishi, tiryan-tiryan,
tana cewa akwai guntu a ƙarƙashin teburina.

Ta sa aikatau inda bai kamata ba.
Na ji shi sarai.

Na duƙa na ɗauki allin,
na ce mata na gode,
jan bik ɗin kuwa
na bar shi yana barci a aljihu.