Saura Kwana Tara

Shekara goma sha bakwai ina gindin bedin nan
da ke ƙofar kotu,
ni da tebur mai ɗingishi
da tafiretar da ta girmi 'yata ta fari.
Takardar rantsuwa, canjin suna,
wanda katinsa ya ɓata a kasuwa,
wanda ya zo rage wa kansa shekara biyar,
duk ta yatsuna suka bi.

Lauyoyi kan wuce da baƙar riga a kafaɗa:
"Sada, gyara mini wannan kafin alƙali ya zauna."
In gyara, har da tuntuɓen Turancinsu.
Su shige ciki,
ni in tsaya inda inuwa ta tsaya.

Bana na yanki fom.

Mai ɗakina ta yi dariya har ta dafa bango,
kashegari ta kai tunkiyarta kasuwa,
ta ajiye kuɗin a ƙarƙashin hulata, ba ta ce uffan ba.

Yanzu dare ne a Sabuwar Unguwa.
An ɗauke wuta tun magariba,
fitilar caji na lumshe ido.
Rumasa'u ce malamata,
ita ma za ta zauna, aikin jinya take so.
Tana riƙe da agogo kamar mai gadin gidan yari:
"Baba, minti ɗaya ake ba kowace tambaya,
kai kuma sai ka tsaya gardama da ita."

To ya zan yi?
Amsa huɗu suke jerawa, wai ɗaya ce gaskiya.
Ni a ƙofar kotu na ga gaskiya ta zo a makare,
ba takalmi, ba shaida,
ƙarya ta riga ta da hatimi biyu.

Na haddace rabon iko gida uku.
Na san shekarar da aka ɗinke Kudu da Arewa.
Adabi ne ke kā da ni,
sai lissafin lokaci.
Ranar Asabar na je gwaji a shagon kwamfuta na Ƙofar Ƙaura,
na danna harafi, tebur ya amsa.
Yaron shagon ya ce, "Baba, a hankali, ba ƙusa ba ce."
Sa'o'in 'yata suka rufe baki da littafi.

Da ma sun san Inna Tasalla.
Daga Batagarawa ta zo, shekara shida ke nan,
takardar filinta ƙulle a bakin zane.
Kallo ɗaya na ga inda aka yi mata ƙafar ungulu,
kwanan wata ne, an kankare an sake.
Na faɗa wa lauyanta, ya ce in ji da tafiretata.
Ranar shari'a bai zo ba.
Na ji ana kiran sunanta ta taga,
amsar na bakina kamar garwashi,
ba ni da rigar da zan shigar da ita.
Ta fito, ta biya ni ɗari biyun da nake bin ta,
har da godiya.
Kuɗin na nan cikin akwatin tafireta.

Ɗan'azumi mai shayi ya yi mini lissafi da yatsu:
biyar a jami'a, ɗaya a makarantar lauyoyi,
in ba yajin aiki,
"Hamsin da biyu fa za ka fito, Sada!"
Na ce, ko na zauna a gindin bedi
hamsin da biyun na nan tafe,
ba ta tambayar wanda ya yanki fom.

Saura kwana tara.
Malamata ta yi barci, kunci a kan littafi,
agogon na tafiya a tafin hannunta.
Na zare shi a hankali.
Tambaya ta arba'in da ɗaya.
Na karanta sau biyu,
na haɗiye gardamata,
na zaɓi ɗaya.